HOTON BAKI ƊAYA: TARIHIN NA'URAR DA KE ZAGAYA KAI



Mu marubuta littattafan soyayya in muka tashi siffanta yarinya ba ma tsallake bakinta. Sai mu ce haƙoranta farare tas, a jere reras, ga 'yar wushirya a tsakani, in ta yi murmushi saurayi ya manta hanyar gidansu. To amma duk wannan abin da muke zuzutawa, ɗan abin da ya leƙo waje ne kawai. Haƙori kamar rogo yake, kusan kashi biyu cikin uku na tsawonsa yana binne a cikin dasashi da ƙashin muƙamuƙi, inda madubi ba ya kaiwa, idon likita ma ba ya kaiwa.

Shi ya sa wani lokaci in kika je asibitin haƙori, likita zai leƙa bakinki ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, sannan ya ja 'yar takarda ya rubuta haruffa uku, O.P.G., ya ce ki je a yi miki hoto. A ɗakin hoton za a tsayar da ke gaban wata na'ura, ki ɗora haɓa, ki ciji wani ɗan tsinke na roba, sai wani hannu ya zagaya kanki a hankali yana 'yar ƙara. Kafin ki gama karanta Fatiha an gama. Abin da zai fito shi ne haƙoranki duka, na sama da na ƙasa, da saiwoyinsu, da muƙamuƙi tun daga gindin wannan kunne har zuwa wancan, a shimfiɗe a hoto guda. Ni dai sunan da na raɗa masa shi ne hoton baki ɗaya, don na baki ne, kuma baki ɗaya yake ɗaukowa.

Na san da yawa daga cikinmu da sun ji an ce hoto sai gabansu ya faɗi. Wata ta ce an ce yana ƙona jini, wata ta ce yana hana haihuwa, wata kuwa ta linke takardar ta cusa a ƙarƙashin katifa ta koma ga kanumfari da jar kanwa. Ba zan ce tsoron nan ba shi da tushe ba. Yana da shi, domin akwai mutanen da hasken nan ya ci da gaske. Sai dai ya kamata mu san su wane ne, da yaushe abin ya faru, da kuma abin da aka yi bayansu.

Abin ya faro ne a ƙasar Jamus, a wani gari da ake kira Wurzburg, ran 8 ga Nuwamba 1895. Don ki gane nisan zamanin, Sarki Alu ne a kan gadon sarautar Kano a lokacin, ƙurar Yaƙin Basasa ba ta daɗe da kwantawa ba, Turawa kuwa sai a 1903 suka shigo birni. Wani malamin jami'a mai suna Wilhelm Rontgen yana gwaji da wata kwalba da aka zuƙe iskar cikinta, yana sakar mata wutar lantarki. Ya lulluɓe kwalbar da baƙin kwali, ɗaki ya yi duhu, sai kawai ya hangi wata takarda da aka shafa wa magani can gefe tana ƙyalli. Kwalba a rufe ruf, to ta ina haske ya fita? Ya kara littafi a tsakani, ƙyalli bai daina ba. Ya kara katako, haka. Dalma ce ta iya tare shi. Yana cikin kare-karen nan ne ya ga inuwar ƙasusuwan yatsunsa a jikin takardar.

Bawan Allah ya kulle kansa a ɗakin gwajin nan makonni, can yake ci can yake kwana. Ran 22 ga Disamba ya kira matarsa Anna Bertha, ya sa ta ɗora hannunta a kan farantin hoto wajen minti 15. Da aka wanke, ga ƙasusuwan yatsunta zara-zara babu tsoka, ga zobenta ya fito baƙi ƙirin a jikin ƙashi. Ana ba da labarin cewa ta razana ƙwarai, wai ta ga mutuwarta. Kin ji fa, ko a can ma in maigida zai gwada sabon abu, a kan matarsa yake farawa.

Da yake bai san ko wane irin haske ba ne, sai ya sa masa harafin X, wanda masu lissafi ke sa wa abin da ba a sani ba. Daga nan muka samo kalmar eksire. Mutumin bai yi wa abin rajistar mallaka don ya ci kuɗi ba, ya bar wa duniya kyauta, kuma shi aka fara ba kyautar Nobel ta fannin kimiyyarsa a 1901.

Likitocin haƙori ba su yi wata-wata ba. A watan Janairu 1896, labari bai ko yi wata guda da fita ba, wani likitan haƙori na garin Braunschweig a nan Jamus ɗin, Otto Walkhoff, ya yanko ɗan farantin gilashi ya naɗe shi da baƙar takarda da roba, ya tura a bakinsa, ya sa aka haska shi minti 25 cur. Minti 25 fa, baki a cike da gilashi, ba motsi. Shi da kansa ya ce azaba ce. Hoton da ya fito dishi-dishi ne, ba zai taimaki kowane majinyaci ba, amma dai an ga haƙori ta ciki a karon farko.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne na Amurka, Dokta Edmund Kells na birnin New Orleans. Mutum ne mai basira da ƙirƙire-ƙirƙire, har da irin na'urar nan mai zuƙe miyau da jini lokacin aiki. Kuma shi ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara sa mace ta taya likitan haƙori aiki, abin da ya sa matan garin suka sami sakewar zuwa a duba su ba sai da rakiyar namiji ba. Mu da muka san nauyin buɗe baki a gaban namijin da ba muharrami ba, ai mun san darajar wannan. Shi ma a 1896 ya haɗa na'urarsa ya fara ɗaukar haƙoran majinyata.

Injinan wancan lokaci ba su da ma'auni. In za a yi aiki, sai likita ya sa hannunsa a gaban hasken yana dubawa ta wani allo, yana murɗa inji har sai ya ga ƙasusuwansa sun fito sosai, sannan ya san ya daidaita. Kullum haka, sau da yawa a yini, shekara da shekaru. Hasken ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, don haka ba wanda ya damu. Sannu a hankali fatar yatsun Kells ta fara tsagewa, ta zama gyambon da ba ya warkewa, gyambo ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Aka yanke yatsa, aka ƙara yanke wani, aka cire hannun, daga baya aka cire har kafaɗa. An yi masa aiki fiye da sau 30. Da hannu ɗaya ya ci gaba da duba marasa lafiya, har ya ƙera kayan aikin da za su yi daidai da mai hannu ɗaya. Da ciwon ya kama ɗaya hannun, a 1928, ya kashe kansa a ofishinsa. Allah Ya kiyashe mu da mugun ƙarshe.

Abin takaici, an yi gargaɗi tun da wuri. Wani likitan haƙori a Boston, William Rollins, ya ƙone a hannu shi ma, sai ya koma gwaji a kan ɓerayen Masar. A 1901 ya rubuta cewa hasken yana kashe su, har ɗan da ke cikin mai ciki. Ya ce a rufe kwalbar a cikin akwatin dalma, a bar 'yar ƙofa kawai, a kuma kare jikin likita da na majinyaci. Mutumin mai kunya ne, ba ya son shiga taro, maganarsa ta daɗe ba ta sami masu saurare ba. A birnin Hamburg na Jamus akwai wani dutse da aka kafa a 1936 a harabar wani asibiti, an zana sunayen likitoci da ma'aikata fiye da 150 na ƙasashe daban-daban waɗanda hasken nan ya yi ajalinsu, daga baya ma an ƙara wasu.

To kin ga tushen tsoron. Amma ki lura da su wane ne a jikin dutsen: masu aiki da hasken ne dare da rana ba kariya, a zamanin da hoto guda kan ci mintuna. Mutuwarsu ce ta sa aka dawo kan maganar Rollins, aka lulluɓe inji da dalma, aka taƙaita hasken, aka yi ta gyara fim har ya zama ɗan haske kaɗan ya ishe shi. A 1913 kamfanin Kodak ya fara sayar da ƙananan fim na haƙori a naɗe, aka huta da gilashi.

Sai dai wata matsalar ta rage, ita ce ta kai mu ga na'urar da nake ba ki labari. Ƙaramin fim ɗin nan da ake turawa cikin baki, haƙori biyu zuwa huɗu yake ɗauka. In ana son ganin baki duka sai an yi 14 zuwa 18, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a cusa shi yana sokin dasashi, mai saurin amai kuwa ta shiga uku. Duk da haka can ƙuryar muƙamuƙi da mahaɗarsa ta gindin kunne ba sa fitowa. In kuma aka ce a haska kai gaba ɗaya daga gefe, sai haƙoran dama su hau kan na hagu, ƙashin kai ya hau kansu, a rasa gane komai. Dalili kuwa shi ne muƙamuƙi a lanƙwashe yake kamar baka, fim kuwa a miƙe yake kamar faifai. Yaya za a shimfiɗe abu mai lanƙwasa ba tare da an karya shi ba?

Wani Bajapane, Hisatugu Numata, ya gwada a 1933. Ya lanƙwasa dogon fim ya sa a cikin baki ta bayan haƙora, ya sa injin ya zagaya fuska yana sakin siririn haske. Dabarar ta yi, amma ba ta bazu ba.

Wanda ya kai abin gaci wani likitan haƙori ne na ƙasar Finlan, can arewacin Turai inda sanyi ke daskarar da teku, sunansa Yrjo Paatero, an haife shi a 1901. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu yana kula da ɗakin hoto a makarantar likitocin haƙori ta Jami'ar Helsinki. Ƙasar ta fito daga yaƙi a jigace, tana biyan Rasha diyya, komai ya yi tsada, ga majinyata layi-layi, kowanne sai an yi masa fim goma sha. A 1946 ya wallafa gwajinsa na farko, shi ma da fim a cikin baki. Zuwa 1949 ya gano cewa ana iya fito da fim ɗin waje ɗungurungum. A na'urarsa ta farko injin ne ke tsaye, majinyaci ake juyawa a kan kujera shi da fim ɗin, kamar waina a tanda. Daga baya aka juya lamarin, mutum ya tsaya cik, inji da fim su zagaya shi.

Bari in ɗan tsaya a nan, don hikimar tana da daɗin ji. Kin san ƙwarya mai zane? In kika mirgina ta a hankali a kan danshin ƙasa, zanen da ke zagaye da ita zai fito a miƙe. Haka na'urar take yi. Injin yana bi ta bayan ƙeya yana sakin haske siriri a tsaye, kamar hasken rana ta tsagar ƙyaure, fim kuma yana bi ta gaban fuska yana zamewa sannu-sannu, kowane lokaci ɗan yanki kaɗan yake karɓa, har a kai ƙarshen muƙamuƙi.

Za ki ce to ai hasken ya ratso ta ƙeya da wuya da ɗaya ɓarin fuska kafin ya iso, me ya hana su fitowa su cakuɗe hoton? Nan gwanintar Paatero take. Ki dubi fanka in tana gudu sosai, fukafukanta ɓacewa suke yi har ki hangi silin ta bayansu. Shi ma sai ya daidaita gudun fim ya zama daidai da gudun inuwar haƙora. Duk abin da inuwarsa ke tafiya tare da fim sai ya fito raɗau, wanda tasa ta fi gudu ko ta gaza sai ya baje ya zama hazo. Sai ya kasance akwai wani siririn layi mai siffar muƙamuƙi a cikin iska, abin da ya faɗa cikinsa kaɗai ke fitowa. Wannan ɗan tsinken da ake ce ki ciza, aikinsa ke nan, ya sa haƙoranki a kan layin. In kika matsa gaba haƙoran gaba su fito a tsuke, in kika ja baya su fito a baje kamar na doki.

Da yake muƙamuƙi ba da'ira ba ne sosai, gaba ya fi lanƙwasa, gefe ya fi miƙewa, sai da ya shafe shekaru yana gyara, shi da wani injiniya mai suna Timo Nieminen, har suka sa na'urar tana sauya cibiyar juyawarta sau uku a zagaye guda. Ya haɗa kalmomin Girkanci ya raɗa mata suna mai tsawo, Orthopantomograph, ma'ana dai hoton yanki na duka a daidaice. Shi ne likitoci suka gutsure ya koma O.P.G. An fara ƙera ta don sayarwa a 1961, shekara guda bayan Nijeriya ta sami mulkin kai. Paatero ya rasu a 1963, bai ga yadda ta cika duniya ba.

Amurkawa ma sun yi tasu mai suna Panorex, ta shiga kasuwa a 1959. Sojojin samansu ne suka matsa a yi, don a riƙa duba bakin dubban kurata cikin sauri. Ita takan tsaya a tsakiyar aiki kujera ta gusa gefe, shi ya sa hotonta ke fitowa da rabewa a tsakiya.

Daga nan sai zamanin kwamfuta. A 1987 wani Bafaranshe, Francis Mouyen, ya fito da na'urar ɗaukar haƙori da ba ta buƙatar fim, hoton ya fito a allo nan take. Cikin shekarun 1990 dabarar ta iso ga hoton baki ɗaya, a ƙarshensu kuma masana a Italiya da Japan suka fito da wadda ke nuna muƙamuƙi ta kowace fuska, tsawo da faɗi da kauri. Aikin da ya ci Walkhoff minti 25 a kan 'yan haƙora, yanzu baki duka bai cika wuce daƙiƙa 20 ba. Hasken da jiki ke sha a ciki kuwa bai wuce kwatankwacin wanda kowa ke sha cikin 'yan kwanaki daga ƙasa da duwatsu da sararin sama ba, ko ya je asibiti ko bai je ba. Har ta kai a 2024 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ce rigar dalmar nan mai nauyi da ake rufa wa mutum ba dole ba ce a hoton haƙori, kodayake wurare da yawa suna sa ta har yanzu. Mai juna biyu dai ta faɗa wa likita tun kafin a fara, shi zai auna ko a yi yanzu ko a jira.

Me ake gani a ciki? In yaro ne mai shekara shida ko bakwai, lokacin famfara, wallahi abin sai kin ce tabarkalla. Ga haƙoran yarinta a jere, ga na girma a ƙarƙashinsu cikin ƙashi kowanne a ɗakinsa yana jiran lokaci, tun uwa ba ta san da su ba. Daga yadda suka nuna likita kan iya ƙiyasta shekarun yaro ko da ba takardar haihuwa. A babba kuma ana ganin turmin ƙarshe, wanda kan fito bayan shekara 17, in ya kwanta a gicciye yana tunkuɗar na gabansa. Ana ganin karayar muƙamuƙi bayan haɗarin babur ko mota. Hajiya kuwa ba ta da sirri, haƙorin Makka fari fat yake fitowa, don ƙarfe ba ya barin hasken ya wuce.

Wannan ne ma dalilin da ake cewa ki cire ɗankunne da sarƙa da ɗan hanci da fil ɗin hijabi da duk wani ƙarfen gashi. Ba neman fitina ba ne. Ɗankunnen hagu yakan fito a inda yake, sannan inuwarsa ta sake bayyana a dama, ta fi girma, ta ɗan haura sama, ta zauna a kan abin da likita ke nema. Haka in aka ce ki manna harshe a ganɗa, ki manna, in ba haka ba iskar da ke tsakani za ta ja baƙin layi a kan saiwoyin haƙoran sama.

Amma babban abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi shi ne wani ƙari da ke tsirowa a cikin ƙashin muƙamuƙi, likitoci na kiransa ameloblastoma. Binciken da aka yi a asibitocin koyarwa na Nijeriya ya sha nuna cewa a cikin ƙararrakin da ke tasowa daga tushen haƙori shi ya fi yawa a wajenmu, kuma akasari ba a zuwa sai ya girma. Ya fi kama muƙamuƙin ƙasa ta can baya, ya fi kama masu ƙuruciya da matsakaita. Mugun halinsa shi ne ba ya ciwo da fari. Kumatu ya ɗan tasa, haƙori ya fara girgiɗi, a ce ai sanyi ne, ko daji, ko sammu. Mace ta ja mayafi ta rufe gefen, a shafa wannan a turara wancan, wanzami ya tsaga, shekara ta zagayo. Shi kuwa yana ciki yana rarake ƙashi kamar gara a azara. Galibinsa ba ya yaɗuwa zuwa sauran jiki, amma ba ya jin shafe-shafe, sai an yanke. A hoton baki ɗaya yakan fito kamar kumfar sabulu a cikin ƙashi tun fuska ba ta sauya ba. In an kama shi yana ƙarami ɗan yanki za a cire. In an bar shi, rabin muƙamuƙi ne zai tafi, da haƙoran da ke kai, da taunar, da kamannin.

Kada kuma a ce na ce kowane ciwon haƙori sai an yi wannan hoton. Shi gwanin nuna fili ne, ba gwanin ƙananan abubuwa ba. Ɗan kogon da ya fara tsakanin haƙora biyu sau da yawa ba ya kama shi, ƙaramin fim na cikin baki ya fi shi a nan. Haƙoran gaba ma sukan fito da ɗan hazo saboda inuwar ƙashin wuya. Ga shi ba kowane asibiti ke da na'urar ba, sai manya da wasu na kuɗi a birane, ta ƙauye sai ta yi tafiya ta biya mota ta biya hoto. Don haka ba abin yi ba ne don marmari, likita ne zai ce ga inda ake bukatarsa.

Ita kuwa Finlan, ƙasar da mutanenta duka ba su kai miliyan 6 ba, sana'ar ta zauna mata. Har yau tana cikin manyan masu ƙera waɗannan na'urori a duniya. Kamfanin Planmeca da aka kafa a 1971 yana nan a Helsinki, garin da Paatero ya fara juya majinyatansa a kan kujera. In Allah Ya kai ki ɗakin hoton, kafin ki ciji tsinken ki ɗan saci kallon rubutun da ke jikin injin, ba mamaki daga can ya taso.